Wa ya sa hannu a madadin Ƙonni?

Daga Birnin Ƙonni zuwa Illela ta Najeriya tafiyar ƴan mintuna ce a kan babur. Mutanen nan da na can harshensu ɗaya, alƙiblarsu ɗaya, suna auren juna, suna cin kasuwannin juna, in an yi rasuwa a can, a nan ma sai an zauna karɓar gaisuwa. Duk da haka yaron Ƙonni da Faransanci yake karatu a lakwal, ɗan ƙanen ubansa na Illela kuwa da Ingilishi. Wannan ya riƙe sefa, wancan ya riƙe naira. Da Najeriya ta rufe iyaka a Agustan 2019, da kuma aka sake rufe ta bayan 26 ga Yulin 2023, kowa ya ji a jikinsa: manyan motoci suka yi dogon layi, kaya suka lalace a hanya, farashi ya tashi, zumunci ya koma sai ta barauniyar hanya.

Yaranmu sun ga wannan da idonsu, kuma suna tambaya wa ya ja layin. Amsar da muka saba ba su ita ce “Nasara ne”. Gaskiya ce, amma gajeriya ce. Layin nan yana da takardu, takardun suna da ranaku da sunayen waɗanda suka sa hannu. Ya kamata malami da uba su san su, domin a cikinsu akwai darasin da yaro zai yi amfani da shi har ranar da za a miƙo masa takarda a ce ya dangwala yatsa.

Kafin a ja layi

A ƙarni na 19 ƙasar Ƙonni tana ƙarƙashin daular Sakkwato. Alaƙar ma ta girmi daular. Kakannin Shehu Usman ɗan Fodiyo sun zauna a Ƙonni, shi kansa an haife shi a Maratta kusa da Galmi a 1754, hubbarensa kuwa yana Sakkwato. Wato a yau mahaifarsa na wata ƙasa, kabarinsa na wata. A arewa da mu akwai Illela ta Adar, mazaunin Sarkin Adar, ayarin Abzinawa na ratsowa ta nan da gishiri su koma da hatsi.

Mutanen wancan zamani sun san iyaka, sai dai ba da igiyar awo suke gane ta ba. Ana gane iyakar sarauta da wanda gari yake kai wa gaisuwa da haraji, da wanda yake fitowa ya kare shi ranar yaƙi. Tsakanin sarauta da sarauta sau da yawa daji ne, makiyayi ya bi, mafarauci ya bi.

Takarda ɗaya, fahimta biyu

A 1885 wani Baturen Ingila mai suna Joseph Thomson ya iso wurin Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu Babba a madadin kamfanin ciniki na George Goldie, wanda daga baya ya zama Royal Niger Company. Ya koma da takarda yana cewa an sa mata hannu. A karatun kamfanin, Sarkin Musulmi ya sallama masa iko a kan gaɓar kogunan Kwara da Binuwai, kamfani kuma zai riƙa biyan kuɗin wuri duk shekara. A fadar Sakkwato ba haka aka ɗauki maganar ba. An ɗauke ta izinin ciniki ne da sarki kan ba baƙon fatake, kuɗin kuma gaisuwa ce irin wadda baƙo kan kawo. Da wannan takarda Ingila ta tsaya a gaban sauran ƙasashen Turai tana cewa Sakkwato tata ce.

Ranar 5 ga Agusta 1890, a Landan, Lord Salisbury na Ingila da Waddington jakadan Faransa suka ja layi a taswira daga garin Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Cadi. Arewa ta Faransa, kudu ta Ingila, da sharaɗin duk abin da ke na daular Sakkwato ya faɗa ɓangaren kamfanin Ingila. Babu ɗayansu da ya san inda daular ta tsaya. Salisbury ma har ya yi ba’a a majalisa cewa rairayin Sahara aka bar wa Faransa. Faransa ta turo wani hafsa, Monteil, ya bi layin da ƙafarsa. Ya iso Sakkwato a Oktoban 1891, bai tarar da mulkin Ingila ba, ya kuma karɓi tasa takardar daga Sarkin Musulmi Abdurrahman. Takardu biyu ke nan daga fada ɗaya, kowane Bature yana karanta tasa yadda ta yi masa daɗi.

Da’irar Sakkwato

Ranar 14 ga Yuni 1898 aka sake zama a Faris. A wannan karon suka kafa tsinin abin zana da’ira a tsakiyar birnin Sakkwato, suka buɗe shi mil 100, kimanin kilomita 160, suka zagaya ta arewa. Duk abin da ke cikin da’irar na Ingila ne. Ƙonni ba ta kai kilomita 100 daga Sakkwato ba, saboda haka ita da Tsernawa da Malbaza da Galmi, har da Madawa, duk suka faɗa hannun Ingila a takarda. Tawa ta faɗa waje, hannun Faransa.

Abin da takarda ta faɗa daban, abin da ya sauka a ƙasa daban. A farkon 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta taso daga bakin Kwara za ta tafkin Cadi. Arewacin da’irar ba ruwa ba abinci, sai suka kutso cikinta suna ƙone garuruwa. A watan Afrilu suka yi yaƙi da Sarauniya a Lugu. A farkon watan Mayu suka afka wa Birnin Ƙonni, gari mai ganuwa mai jama’a da yawa, suka karkashe mutane masu ɗimbin yawa, suka kwashe mata, suka sa wa garin wuta. A ranar, in da takarda za a bi, Ƙonni ƙasar Ingila ce. Ba Baturen Ingila ko ɗaya da ya zo kare ta, don Ingila ba ta ci Sakkwato ba sai a Maris 1903. Labarin ta’asar ya kai Faris, aka turo Kanar Klobb ya tsayar da su. Voulet ya sa aka harbe shi a Ɗankori ranar 14 ga Yuli, ranar bikin ƙasar Faransa. Bayan kwana biyu zuwa uku sojojinsu suka kashe Chanoine da Voulet. Kaburburansu na Maijirgi, kan hanyar Tasawa.

Kifin Kanada da rijiyoyinmu

Faransa ta ci Damagaram a 1899, amma ba ta da hanya mai ruwa daga bakin Kwara zuwa can. Sai ayarinta ya zagaye da’irar ta Filinge da Tawa, tafiya mai ƙishirwa wadda ke cinye dabbobi. Rijiyoyin da take bukata suna cikin da’ira. Sai ta nemi a gyara.

Ranar 8 ga Afrilu 1904 ƙasashen biyu suka yi babban sulhu a Landan a kan rigingimunsu na duniya. Faransa tana da tsohon haƙƙin kamun kifi da shanya shi a gaɓar tsibirin Niyufanlan, can gabashin Kanada. Ta saki wannan haƙƙi, aka biya ta da wasu tsibirai a gaban Konakiri, da wani yanki a bakin kogin Gambiya, da kuma sauko da layinmu kudu. Wato da kifin tekun da kakanninmu ba su taɓa jin sunansa ba aka yi musayar ƙasarsu. Ko a wannan takarda garin Ƙonni bai ƙetara ba tukuna, domin an ce layin ya bi ta kilomita 20 arewa da shi, ya nufi kilomita 15 kudu da Maraɗi. Sai yarjejeniyar 29 ga Mayu 1906 ce ta sauko da layin kudu da garin. Daga 1906 zuwa 1908 Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O’Shee na Ingila suka bi iyakar suna kafa alamu 148, aka tabbatar da aikinsu a 1910. Layin nan mai kimanin kilomita 1,500 shi ne muke tsayawa a kansa yau muna nuna takardu.

A lura da abu ɗaya. Cikin shekara goma sha shida an zauna sau huɗu a kan wannan ƙasa, 1890 da 1898 da 1904 da 1906, sau uku a Landan, sau ɗaya a Faris. An rubuta da Ingilishi da Faransanci. Babu hatimin Sarkin Ƙonni, babu na Sarkin Adar, babu na Sarkin Musulmi.

Mutanen da suka riƙe takardarsu

Ba mu kaɗai muka gamu da takarda mai fuska biyu ba. Akwai wata al’umma a can ƙarshen duniya wadda labarinta zai taimaka mana mu ga namu, su ne Mawori, ƴan asalin ƙasar Niyu Zilan.

Ranar 5 ga Fabrairu 1840 wakilin Sarauniyar Ingila, William Hobson, ya tara sarakunansu a wani wuri mai suna Waitangi. Wani ɗan mishan, Henry Williams, da ɗansa suka fassara takardar zuwa harshen Mawori cikin dare ɗaya. Aka wuni ana muhawara, sarakunan suka kwana suna shawara a tsakaninsu, washegari, 6 ga wata, sama da 40 suka sa hannu. Aka zagaya da takardar cikin ƙasa har masu sa hannu suka wuce 500, kusan dukkansu a kan ta harshensu. A ta Ingilishi an ce sun miƙa wa Sarauniya mulkin ƙasa ɗungurungum. A tasu kuwa an yi amfani da kalmar kawanatanga, wadda aka ƙera daga kalmar gwamna, aka kuma tabbatar musu da tino rangatiratanga, wato cikakken ikon sarauta a kan ƙasarsu da garuruwansu da dukiyarsu. Irin saɓanin Thomson da fadar Sakkwato ke nan.

Ba a daɗe ba alkawari ya karye. Hone Heke, wanda ya fara sa hannu, shi ne ya sare sandar tutar Ingila har sau huɗu a 1844 da 1845. Aka yi yaƙe-yaƙe, aka ƙwace ƙasa, a 1877 babban alƙalin ƙasar ya ce takardar ba ta da wani ƙarfi a shari’a. Yau abin da ya rage a hannun Mawori bai kai kashi 10 cikin 100 na ƙasar ba.

Abin da ya hana maganar mutuwa shi ne suna da wurin da suke maimaita ta. Kowace zuriya tana da dandalinta da suke kira marae, fili ne a gaban wani babban zaure mai sassaƙa wanda galibi ake sa wa sunan kaka. Baƙo ba ya faɗa masa kai tsaye. Sai mace ta yi kiran maraba, dattawa su yi jawabi ɓangare-ɓangare, a gaisa da haɗa hanci, sannan a ci abinci tare. A nan ake makoki, a nan ake sasanta rigima, a nan yaro ke jin sunayen kakanninsa da abin da aka yi musu alkawari. Daga waɗannan dandaloli wata dattijuwa, Whina Cooper, ta jagoranci tattaki zuwa babban birni a 1975 a kan maganar ƙasa. A shekarar aka kafa kotun sauraron koke-koken Waitangi. A 1987 harshen Mawori ya zama harshen hukuma. A 1995 aka biya ƙabilar Waikato-Tainui diyyar dalar ƙasar miliyan 170, Sarauniya Elizabeth ta sa hannu da kanta a kan dokar da ke ɗauke da neman gafara.

Tun 1974 ranar 6 ga Fabrairu ranar hutu ce a duk ƙasar. Ba ranar fareti ce kaɗai ba. Shugabanni kan je Waitangi, a tarbe su a dandali, a faɗa musu a gaban jama’a inda aka cika da inda aka saɓa. Wani lokaci har a yi musu ihu, wasu firaministoci ma sun ƙi zuwa. A Nuwamban 2024, da aka kawo wani ƙudurin doka da zai sake fassara yarjejeniyar, dubun dubatar mutane suka yi tattaki zuwa majalisa, a Afrilun 2025 ƙudurin ya faɗi. Takardar tun ta 1840 ce, kuma har yanzu ana gardama a kan kalmominta.

Ranakunmu

Mu ba mu da takarda irin ta Waitangi da za mu kama Turawa da ita a kan iyaka, tun da ba a tambaye mu ba. Bayan ƴancin kai ma shugabannin Afirka, a taron Alƙahira na 1964, sun yarda a bar iyakoki yadda aka gaje su, don gudun yaƙin da ba shi da ƙarshe. Saboda haka ba maganar tuge alamun Tilho ake yi ba.

Amma muna da ranakun tunawa. 18 ga Disamba tana tuna kafa jamhuriya a 1958, bayan ƙuri’ar raba gardama ta 28 ga Satumba wadda Djibo Bakary da Sawaba suka ce a’a, i ta yi rinjaye. An yi shekaru ana zagayawa da bikinta jaha-jaha, a 2017 ya zo mana da sunan Tawa Sakola. 3 ga Agusta tana tuna ƴancin kai na 1960, tun zamanin Seyni Kountché kuma ake haɗa ta da dashen itace. A 2024 aka ƙara 26 ga Yuli.

Akwai kuma 24 ga Afrilu, ranar haɗin kan ƙasa. Ita ce ke tuna yarjejeniyar da ƴan Nijar suka yi da junansu. Tushen rikicin ma a jaharmu yake, a abin da ya faru a Cintabaraden a Mayun 1990, wanda tawayen Abzinawa ya biyo baya. Ranar 24 ga Afrilu 1995, zamanin Shugaba Mahamane Ousmane, gwamnati da ƙawancen ƴan tawaye da Rhissa Ag Boula ya wakilta suka sa hannu a Yamai, da shiga tsakanin Aljeriya da Burkina Faso da Faransa. Aka yi alkawarin afuwa, da ɗaukar tsofaffin mayaƙa aikin gwamnati da na tsaro, da raya yankunan arewa, da sauko da mulki kusa da jama’a. A Satumban 2000 aka ƙone makamai a Agadas. A 2004 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi 265, Alela da Bazaga da Tsernawa na cikinsu. Wato ofishin magajin gari da uba ke zuwa neman takardar haihuwar ɗansa yana da jijiya a wannan yarjejeniya. A 2007 kuma wani sabon tawaye ya tashi, yana cewa ba a cika alkawuran 1995 ba, sai a 2009 ya lafa.

Ga yarjejeniya mai masu sa hannu, mai alkawura da za a iya ƙirgawa, mai tarihin cikawa da saɓawa. Amma a mafi yawan gidajenmu abin da yaro ya sani game da 24 ga Afrilu shi ne ba lakwal. An rubuta ta da Faransanci, harshen da mafi yawan iyayen ɗalibanmu ba sa karantawa, ba mu kuma da al’adar zama a karanta ta a bainar jama’a. Alkawari kaya ne, amma in mai jiran kayan bai san abin da aka ɗaure a ciki ba, ba zai gane ranar da aka rage ba.

Abin da ke hannunmu

Dandali ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Muna da ƙofar fada, muna da ƙofar mai gari, muna da filin idi, a Massalata kusa da Ƙonni har yau ana taruwa duk shekara don buɗin daji. Mun iya taro, mun iya tarbar baƙo, mun iya sauraron dattijo. Abin da ba mu yi ba shi ne haɗa waɗannan wurare da ranakun ƙasa. Tun da dokar ƙasa ta 2025 ta ce Hausa ce harshen ƙasa, babu sauran dalilin da zai hana a karanta manyan alkawuran 1995 da Hausa a ƙofar mai gari ranar 24 ga Afrilu, da Tamashek da Fulatanci inda masu jin su suke, mutane su ce wannan mun gani, wannan ba mu gani ba.

Malami ba ya bukatar jiran umarni daga Yamai kafin ya fara a ajinsa. Taswira da zare da alli sun isa. A kafa ƙusa a kan Sakkwato, a auna kilomita 160 da ma’aunin taswirar, yaro ya zagaya da hannunsa, ajin ya ƙirga garuruwan da suka faɗa ciki. Sannan a zana layin 1904, a zana na yau. Yaron da ya ga garinsu ya sauya hannu a kan allo ba tare da ya motsa ba, ba zai manta ba. A tura su gida su tambayi kakanni abin da suka ji game da ranar da aka ƙone Ƙonni, da inda danginsu suka gudu, da waɗanda suka zauna a wancan gefe. A rubuta da Hausa a ajiye a makaranta, domin masu riƙe da labarin suna tafiya.

Iyaye kuma, tambayoyi huɗu za mu koya wa ƴaƴanmu su riƙa yi wa kowace takarda: wa ya sa hannu, da wane harshe aka rubuta, wa ya yi tafinta, kuma a gaban wa. Su ne tambayoyin da suka shafi Thomson a 1885 da Williams a 1840. Su ne kuma suka shafi takardar sayar da gona, da ta jingina, da ta bashi, waɗanda ake kawo wa dattijo da Faransanci a ce ya dangwala. Gonaki nawa suka bar hannun magada saboda mai gona ya ɗauka aro ya bayar, takarda kuwa ta ce sayarwa? Yarinyar da ta iya cewa “Baba, dakata in karanta maka” ta fahimci darasin tarihin nan fiye da wanda ya haddace ranakun kawai.

Kafin 24 ga Afrilu mai zuwa, kowace makaranta ta zauna da kwamitin iyaye da mai gari a tsayar da wuri da mai karatu. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya sa albarka a karatun ƴaƴanmu.